Wankan Jego a Ƙoramar Lis

Talata: Daga Hindawiyya

'Yan uwa na gida, ga labarin tafiyar da kuka ce in rubuto muku. Ku yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

Na bar Hindawiyya, unguwarmu a Makka, ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran assalatu, da ƙullin kanwa da yaji da garin kunu. 'Yar farina ce ta haihu a wata gona kusa da garin Lis, a bakin teku, inda mijinta yake kiwon awakin wani Balarabe. Malam Abakar ne ya ɗauke ni, Bahaushen Sudan mai tasi, a kan riyal saba'in. A shingen bayan gari ɗan sanda ya haska ikamata, wato katin izinin zama, ya ce mu wuce.

Tafiyar ta kusa kilomita ɗari biyu, ba ciyawa ko ta magani. Raƙuma duk haƙarƙari a waje.

"Hajiya, nan ruwa sai na tanka," in ji Malam Abakar. "Wankan jegon nan da taimama za ki yi shi."

Na ce, "Kai dai duba hanya."

Ƙarfe bakwai da kwata muka isa. Tun daga kan titi na hango matsala. Ɗakin kwano biyu da garken awaki, duk a tsakiyar busasshiyar ƙorama suke, saboda inuwar itatuwa. Amma baƙo ba ya fara da gyara.

Laraba: A gonar

Da safe na yi mata wanka da ruwan zafi, na dama kunun kanwa. Jaririya kamar kakarta ta wajen uba.

Bayan azahar iska ta juya, ta yi sanyi. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rabona da shi tun ina yarinya a ƙauyenmu na bayan Madawa, lokacin da muke bin Baba da ƙoƙon iri, yana sara muna zuba gero muna rufewa da diddige. Na tsaya ina shaƙa har idona ya kawo ruwa. Can gabas kan duwatsu kuwa hadari ya yi baƙi ƙirin, alhali samanmu tas. A garinmu ko yaron goye ya san wannan: ruwan da zai ci ka ba a kanka yake sauka ba.

Na ce wa yarinyar, "Ki gaya wa maigidanki mu koma kan tudu."

Ta yi dariya. "Inna, tunda muka zo nan ko yayyafi ba a yi ba."

Ta dai gaya masa. Shi haifaffen unguwar Tandabawi ne a cikin Makka, bai taɓa ganin ƙorama ta kawo ba. Ta bayan kwano na ji yana cewa, "Mafi mushkila, ba matsala, ki ce wa Inna ta huta."

Kun san al'ada. Tunda aka ɗaura aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga nesa. Na zauna na kai minti goma ina juya abin. Sai na ga awaki sun bar inuwa suna hawa gangare da kansu. Na ja mayafina, na je gabansa na tsaya. Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Na ce, "Ɗana, kunya ta yi mini nauyi, amma ruwa bai san suruka ba. Ka buɗe garke."

Bai musa ba. Ya tashi ya buɗe.

Ƙarfe uku da rabi muna kan tudu, jaririya a bayana. Sai muka fara jin gurnani daga nesa, kamar injin niƙa. Na waiga, babu mai jego. Ta koma ɗauko jakar takardun haihuwa. Mijinta yana can gefe da awaki. Muryata ba ta da ƙarfi, kuma "ke yarinya" ba zai kai can ba. Shekara ashirin da shida ban kama sunanta ba, don 'yar fari ce.

Na buɗe baki na kira, "Hadiza!"

Ta fito da gudu, jaka a hannu, tana kallona kamar ta ga baƙuwa. Ba ta gama hawowa ba ruwan ya iso, ja wur, da itace da duwatsu. Ɗakunan kwano ba su yi musu ba, suka bi. Kanwata da yajina suka tafi teku.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Mun kwana biyu a ɗakin mai gadin wani masallaci a cikin Lis, wani dattijo Bayamane. Ya ba mu burodi da wake da shayi, ya ƙi karɓar komai. Awaki uku ne suka ɓace. Mai gonar ya yarda a sake gini a kan tudu, ni kuma na ce mai jego ta biyo ni ta ƙarasa arba'in a ɗakina.

Juma'a ƙarfe shida Malam Abakar ya zo. Laka ta rufe titi wuri biyu, sai sha ɗaya saura muka shiga Makka. Na gode wa Allah da ya tsare mu, na gode wa dattijon nan da Malam Abakar.

Da muka sauka a bakin lungu, ta riƙe gefen mayafina.

"Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ɗauki jakarki, rana tana dukan 'yar mutane."