Mma a Gefen Hoto

Mma, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kana ɗaga waya za ta ja mayafi, ta ce fuskarta ba kayan talla ba ce. Da ta rasu, ƙanwata ta matsa sai mun samo hoton da za a ajiye wa jikoki. Muka birkice gidanmu na unguwar Nima, ko ɗaya babu.

Sai na tuna da kyamarar tsaro da na kafa a shagona na kayan waya. Mai faɗin ido ce, tana kwaso shago har bakin titi, inda Mma take zama da tukunyar kokonta. Amma irin wannan gilashi tsakiya kawai yake yi wa adalci, abin da ke gefe lanƙwasa shi yake yi. Na buɗe tsohon bidiyon da ta ɗauka, ga Mma can a kusurwa, ta karkace tare da ƙofa, kamar fuska a bayan cokali.

Na san maganin abin, ko in ce na zaci na sani. Ana nuna wa kyamara allo mai gidaje baƙi da fari, kwamfuta ta auna yadda layukansa suka lanƙwashe, sannan ta miƙe hoton. Na je gindin bishiya wurin tsofaffi masu dara, na ari allonsu.

"Ka dawo da shi kafin la'asar o," in ji babbansu. "Don Mma ne, ya ba mu koko shekaru."

Na riƙe allon a kowane lungu na shagon, har a kan kujerar Mma. Kwana uku ina fama da kwamfuta. Ƙofa ta miƙe, sandar lantarki ta miƙe, bakin kwata ma ya miƙe. Fuskar Mma kuwa jan da aka yi mata ya baje ta, ba ido ba hanci. Ɗigon da kyamara ta ba ta tun farko kaɗan ne, abin da ba a ɗauka ba kuwa babu lissafin da zai dawo da shi.

Ƙanwata ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaya, wannan ba Mma ba ne."

Ni na hau tsani da ƙafata, ni na saita tsakiyar kyamarar a kan kantar cajoji, har rubutun kwalayensu ana karantawa tar. Haushin kaina nake ji har yau.

Abin da ya fi ba ni tsoro, na kalli hoton nan fiye da kima. Yanzu in na rufe ido don in tuno ta, karkatacciyar fuskar ce take zuwa.