Ƙwayoyin da na tsinta a jakar Hafsa

Jiya ina laluben caja a jakar ƙanwata Hafsa, sai hannuna ya ci karo da wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali ba suna. 

Na same ta a kicin. "Hafsa, wanga fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Maganin ƙiba ne, Yaya. A unguwar Gidan Igwai na saye."

Sai a lokacin na lura kumburi ne a fuskarta, ni da nake ta murna ta yi kumatu.

"Wa ya sa ki?"

"Ranar sunan ɗiyarki Gwaggo ta ɗaga hannuna gaban mata, ta ce wa zai kwashi tsinke? Ke kuma sunka ce kin zama buhu, har kinka daina cin tuwon dare. To wace ce daidai cikinmu?"

Na ƙwace ƙwayoyin, na ce lalle sai mun ga likita kan kumburin nan.

Yanzu haka muna asibiti. Likita ta ce sai an duba ƙodarta. An ɗebi jini, muna jiran sakamako.

Ku sa ta a addu'a. 'Yan'uwa mata, wace magana aka taɓa yaɓa muku kan jikinku da har yau take hana ku cin abinci cikin natsuwa?