Kwalin Baba Maiwada

Duk wanda ya taɓa kai babur juye wurin Baba Maiwada a Ajingi ya san ba aikin ne mai cin lokaci ba, jiran kwali ne. Minti goma sun ishe shi ya zubar da tsohon baƙin mai, ya canza filta, ya ɗura sabo. Amma fa ba ka isa ka hau ka tafi ba. Sai ya tayar da injin ya yi zafi, ya kashe, ya tura wani farin kwali ƙarƙashin babur ɗin, sannan ya nuna maka benci. A nan za ka zauna har ya gamsu ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. In ka ce kana sauri, sai ya ce ai da saurinka ka zo, ba shi ya kira ka ba.

Sunana Hadi, ina koyarwa a wata firamare a Gafasa, kullum a babur nake zuwa in dawo. Shekara goma sha ɗaya ina zaman bencin nan ina ƙunƙuni. Ni Bafulatani ne, shi kuwa kakansa Babarbare ne, don haka kullum muna cikin tsiya. Yakan ce Bafulatani bai san bambancin babur da saniya ba, dukansu da duka yake kora su. Ni kuma in ce wane irin bakanike ne wannan da yake zaman makokin mai tun bai zuba ba. Amma Allah ya sani, ko kyauta wani zai yi min aiki, ba zan ba shi babur ɗina ba.

Kwalin nan yana da asali. Baba Maiwada da facin keke ya fara, daga baya ya je Gaya ya koyi gyaran babur. Yana sabon dawowa ya yi wa wani manomi juye, mai ya tsiyaye a hanya, injin ya buga, mutumin ya turo abinsa tun daga bayan gari cikin tsakar rana. Bai zage shi ba, jingine babur ɗin kawai ya yi ya nemi ruwan sha. Wannan shirun ya fi yi wa Baba Maiwada ciwo. A ranar ya rantse a gaban mutane, ya ce wallahi duk ranar da babur ya sake ɗiga bayan ya fita daga hannunsa, ya ajiye sifana ke nan. Shekara talatin da wani abu kwali yana fita fari tas, kuma kowa a garin ya san da rantsuwar.

Shekara biyu da suka wuce sai ya ƙaro wata sabuwar doka. Da ya tura kwali sai ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru. Mun ɗauka rigimar tsufa ce. Har nakan ce masa, "Baba, huɗuba babur ɗin zai yi mana?" Ba ya tanka min, sai dai ya karkatar da kai gefe kamar mai jin kiran salla daga nesa.

Wata Asabar bayan azahar na kai masa juye da canjin filta. Ya yi aikinsa kamar kullum, ya tura kwali, muka zauna mu biyu. Ina kallon ƙasa sai na ga wani ɗigo ya taru a gindin murfin filta, ya yi nauyi, ya faɗo. Baƙi ƙirin a tsakiyar farin kwali.

Ba babur ɗin na ji wa ba, shi na ji wa. Mutumin nan ba shi da wata rayuwa sai wannan rumfar, ko gonarsa 'ya'yansa ne suke nomawa. Na san kuma ba ya maganar banza, in ya ce ya ajiye to ya ajiye. Sai na miƙe kamar zan yi miƙa, na ɗora takalmina a kan ɗigon, na ce, "To Baba, kwali ya yi fari, bari in kama hanya." Niyyata in lallaɓa in kai wa wani a Gaya ya duba, kowa bai sani ba.

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Ɗaga ƙafarka, ɗan Fulani."

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Ban gani ba. Ji na yi."

Daga nan ya faɗa min abin da ya ɓoye wa kowa in ban da matarsa, Inna Hure. Yanar ido ce ta rufe masa gani. Shekara biyu ke nan bai ga kwalin nan sosai ba, fari-fari kawai yake hangowa. Amma mai in ya faɗi a kan busasshen kwali yana da ɗan sauti, ɗas, shi yake saurara. Aikin kuwa duk da yatsu yake yi. Na tuna duk tsiyar da na yi masa a kan shirun, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ya durƙusa ya kwance notika ukun murfin, ya zaro filtar, ya zura ɗan yatsa yana laluben bakin ramin. Can sai ya ɓanɓaro wani siririn zoben roba, ya taurare kamar busasshiyar fata. Tsohuwar robar ce ta manne a jikin injin, bai gan ta ba, ya ɗora sabuwa a kanta. Roba biyu kuwa ba sa zama a gurbi ɗaya, dole mai ya sami hanya. Ya goge wurin da tsumma, ya shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa, ya zaunar da ita. Ya ɗaure notikan bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada murfin ya karkace. Ya cika mai, ya tayar, ya kashe, ya tura sabon kwali. Muka yi shiru har aka kira la'asar, babu ɗas ko ɗaya.

Sai ya tattara sifanunsa ya zuba a akwati, ya rufe. Ya ce, "Hau abinka. Kai ne na ƙarshe."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa taurin kan Barebari ne kawai, bai kula ni ba. Kwana tara rumfar tana rufe. Da na je gidan na same shi zaune a zaure, hannuwansa fes babu baƙin mai, ban taɓa ganinsu haka ba. Wallahi tausayinsa ya kusa sa ni kuka.

Inna Hure ce ta warware mana. Ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Malam Hadi, kai da kake da karatu, gaya masa. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ba kaffara yake yi ba? Miskinai goma ne. Ga dawa a rumbu, ga hannuna, ni zan tuƙa. Amma da sharaɗi, sai ya je an duba idon nan. Shekara biyu ina fama, wai tsoron wuƙar likita yake, mutumin da yake sa hannu a injin mai zafi."

Ya ce mata mata ba su san rantsuwa ba. Amma washegari da kansa ya je ya tambayi liman, da ya dawo sai ya tambaye ta ko akwai kukar miya a gidan. Ranar Juma'a aka yi tuwon, aka ciyar da mutum goma.

Da likitocin ido suka zo Gaya, ni na ɗauke shi a babur ɗin nan, ya riƙe min riga tamau yana zagin tuƙina tun daga Ajingi. Aka yi masa ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Washegari na mayar da shi aka cire auduga. Muna fitowa ya tsaya ya ƙura min ido, ya ce, "Ashe ka yi furfura, ɗan Fulani. Ni ina nan ina yi maka kallon yaro."

Na kama babur zan tayar, sai ya riƙe min hannu. Ya zaro wani ɗan kwali a ninke daga aljihun rigarsa, ya warware, ya tura ƙarƙashin injin, a nan bakin asibiti mutane suna kallonmu. Na ja bakina na yi shiru kamar yadda ya saba sa mu.

Ya ce, "A'a, yi surutunka. Yau da ido zan duba."