Ashar ɗin da ta sa Baba ya sha ruwa

Ko zan manta komai na jinyar mahaifina, yammacin da ya yi min ashar da Turanci na ji kamar in rangaɗa guɗa ba zai taɓa fita a raina ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi a gidanmu na Hausari. Mahaifiyata ta rasu, yayyena maza suna Kano, jinya ta rage a kaina. Baba kuwa kunya gare shi ta tsiya. Sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce min, don haka gara ya mutu da ya buɗe baki ya ce in kai shi bayan gida. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce ya daina shan ruwa, tuwo ma sai ya ɗan taɓa. Leɓensa ya tsage, idanunsa suka faɗa. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko gezau.

Ran nan bayan la'asar na shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya. Iska na kaɗawa a hankali, inuwar ganye na yawo a fuskarsa, shi kuma tsakanin barci da farke ya koma Ikko, zamanin da yake direba yana kai shanu, ya ɗauko kaya a bakin teku. Ya ce da sassafe ruwa da sama haɗewa suke, jirage na tsaye cikin hazo kamar unguwanni. Daga nan ya gangaro kan Turawan da ke aikin jirgi.

"Uwata, mutanen nan ba su da ta-ido. Ban-ɗaki kaɗai sunaye barkatai suka ba shi. Gaban manya su ce tailet, wai ladabi. Su-ya-su kuwa, bog. In an sha an bugu, shitawus."

Ya yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwon. Ni malamar Turanci ce, ɗalibin da ya kuskura ya faɗi wannan kalma a ajina ranar sai jikinsa ya gaya masa, amma na taya shi.

Sai ya kau da kai, ya zuba wa rassan ido, can ƙasa-ƙasa ya sake cewa, "Shitawus."

Wannan karon ba labari yake ba. Na sa kafaɗa a hammatarsa muka tafi bayan gida. Da muka dawo ya ce, "Ɗebo min na randa." Ya shanye kofi ya nemi ƙari. Na shige madafa na sha kukana, na daɗi da na tausayi.

Har Allah ya karɓi abinsa, da wannan kalma muka yi ta jinya. Tun daga ranar na gane cewa mai kunya in ya yi gum, ba taurin kai ba ne. Hanyar roƙon da ba za ta zubar masa da mutunci ba yake lalube, kuma in ya samo ta, komai muninta, naka shi ne ka miƙe ka kama shi.