Emlyn Prosser, Mai Auna Naushi da Kafaɗarsa

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a garinmu Tredegar, a ƙasar Wales, yawanci ana yi, Emlyn Prosser zai fito daga gida da tsohuwar jaka a hannun hagu, ya gangara ta gaban majami'ar da aka rufe, ya buɗe ƙofar gefe ta tsohon zauren masu haƙar kwal. A saman benen nan ɗakin dambenmu yake. Zai share dandamali, ya bi igiyoyi yana ja ya ji ko sun saki, sannan ya zauna ya ciro faifansa biyu na fata, irin waɗanda ake zura hannu a ciki ɗan dambe ya riƙa kai musu naushi, ya shafe su da mai. Shekara hamsin aikinsa ke nan: ya tsaya ya ɗaga hannu biyu, ƙattin ajin masu nauyi su yi ta jibga. Ba a taɓa ɗaura masa kambu ba. In an ɗauki hoto bayan nasara, shi ne wanda ake ganin rabin kunnensa a gefe, da tawul a wuya.

Yau shekarunsa saba'in da huɗu, kuma hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. In ka tambaye shi sai ya ce maka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, kuma tun da shi ba zai faɗa ba, bari ni in faɗa.

Emlyn yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa hawa benen ya sani. In ya ɗaga faifai ya ce "hagu, dama", sai ya rufe ido. Ya ce ido maƙaryaci ne, yana ganin faɗin ƙirji da kumburin dantse ya ruɗe. Shi da kafaɗa yake ji. Yana jin nauyin naushi, yana jin daga ina ya taso, daga ƙafa ko daga hannu kawai, kuma yana jin tazarar da ke tsakanin saukar hagu da saukar dama. Da wannan yake gane mai mura tun kafin ya yi atishawa, da wanda ya yi faɗa da matarsa, da wanda zamaninsa ya fara wucewa.

To, a ƙasan benen akwai shagon shayin Olwen, inda tsofaffin garin suke haɗuwa kullum su yi musu ɗaya tak, wanda ba ya ƙarewa: masu nauyi na da, da na yanzu, su wa suka fi? Shugaban masu musun shi ne Dilwyn, tsohon direban bas.

"Na yanzu? Haba! Buhunan siminti ne aka yi wa ƙafa," in ji Dilwyn, yana dukan tebur. "Turmi shida sun fara haki kamar tsohuwar motata a kan tudu. A zamaninmu turmi goma sha biyar ake yi, mutum ya fito ya wanke fuska ya tafi rawa!"

"Kai da ko kyanwa ba ka taɓa nausa ba, ka cika mana kunne," in ji Olwen. "Sha shayinka, ya huce."

"Tambayi Emlyn mana, ga shi nan zaune! Emlyn, tsakaninka da Allah, ba na da ne suka fi ba?"

"Na da sun fi iya taka ƙafa," in ji Emlyn. "Na yanzu sun fi iya cin abinci. Miƙo min sukari."

Iyakar abin da ake samu daga bakinsa ke nan. Shi kaɗai ne a yankin nan ya sha naushin zamani uku, amma ya bar mu da muka gani a talabijin muna ta haƙilo.

A hankali ɗakin sama ya zama kango. Masu tasowa suka koma sababbin wurare a birnin Cardiff, inda akwai na'urori da madubai. Nerys, matar Emlyn, ta rasu shekara tara da suka wuce, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Mutum ɗaya ne ya rage yana hawa benen: Gethin Maddocks, mai rufin gidaje, wanda ya taɓa riƙe kambun Wales na masu nauyi kafin ya ajiye safar dambe. Ƙarfe bakwai zai zo, su yi turmi shida, su sha shayi a tsaye, ya tafi aiki. Olwen ta ce akwai ranakun da in ban da wannan awa ɗaya, Emlyn ba ya buɗe baki ya yi magana da kowa sai dai "sannu". Kaɗaici ne sosai, kuma ya san da shi.

Sai ga saƙo ya zo wa Gethin, yana da shekara talatin da takwas. Ana so ya dawo ya kara da wani Lewin Tasker na birnin Bristol, ɗan shekara ashirin da huɗu, ƙato mai kilo ɗari da sha takwas, wanda ya yi wasa goma sha huɗu bai bar ko abokin karawa ɗaya ya kai ƙarshe a tsaye ba. Likitoci suka duba Gethin suka ce lafiyarsa ƙalau. Shagon Olwen kuwa ya kama da wuta. Dilwyn ya riƙa cewa ai Gethin irin 'yan damben da ne, zai yi ta zagaya buhun simintin nan har ya faɗi da kansa. Suka yi ta zuga shi har kansa ya ɗau zafi.

Washegari bayan turmi na shida, Gethin ya cire safa da haƙori ya ce, "Baba, kowa ya faɗi nasa. Kafaɗarka me ta ce?"

"Ba ni kwana uku, ɗana," in ji Emlyn.

Akwai dalilin da ya sa bai amsa nan take ba. Shekara arba'in da suka wuce, amininsa Trefor Bevan ya taɓa yi masa irin wannan tambaya a kan dandamalin nan. Kafaɗa ta ce a'a, amma Emlyn ya kalli fuskar amininsa, tausayi ya kama shi, ya ce, "Kana nan yadda kake." Trefor ya shiga wasan, ya sha dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yau yana gidan kula da tsofaffi a bayan gari, ba ya iya riƙe cokali. Duk Lahadi Emlyn yana zuwa da reza da sabulu ya yi masa aski. Ma'aikatan gidan sun ce bai taɓa fashi ba, ko da yake Trefor ya daɗe da daina gane shi, wani lokaci ma likita yake kiransa.

Emlyn ya san abin da ya rage a hannun Gethin. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke hannun Tasker, kuma shi bai iya auna mutum ta talabijin ba. Saboda haka ranar Talata ya sa faifansa a jaka, ya hau bas biyu ya tafi Bristol. Mai horar da Tasker ne ya ba ni wannan labari da bakinsa. Ya ce tsoho ya shigo a jiƙe, ya faɗi sunansa, ya faɗi na wanda yake riƙe wa faifai, bai ɓoye komai ba, sannan ya roƙi a bar shi ya riƙe wa Tasker faifai turmi ɗaya.

Tasker ya dube shi daga sama ya yi dariya. "Kaka, zan karya ka fa."

"An sha gwadawa tun kafin ubanka ya fara aske gemu," in ji Emlyn. "Kada ka rage komai. In ka rage zan sani."

Ya ɗaga hannu ya rufe ido. A minti na biyu dama ta sauka, duk ɗakin aka ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗar tsohon. Mai horarwa ya yi tsalle zai tsayar, Emlyn ya daka masa tsawa. Ya tokare gwiwar hannun da haƙarƙarinsa ya ci gaba da kira har aka buga ƙararrawa. Sannan ya yi wa Tasker godiya, ya ce masa ya riƙa maido da hagu da wuri, ya ɗauki jakarsa. Sai da ya dawo gida ya wuce asibiti, aka ce jijiyar ta tsinke, kuma a shekarunsa ba za ta koma daidai ba.

Ranar Alhamis Gethin ya hau bene ya tarar da shi zaune, hannu rataye a wuya. A nan ne Emlyn ya ba da amsar da muka yi shekaru muna nema, kuma ba mu ya ba wa ba.

"Zauna, ɗana. Na da, irin su Trefor, in sun kawo naushi uku sai ka ji biyu ka nemi ɗayan ka rasa. Sun fi sauri, sun fi numfashi, wannan gaskiya ne. Amma nauyinsu kilo casa'in ne. Wannan na Bristol, tun da nake ban taɓa jin abu irin damarsa ba. Kuma ba ya haki, ƙarya Dilwyn yake yi. Ko lokacin da kake ganiyarka sai ka yi da gaske. Yanzu kuwa damarka tana makara. A da ko numfashi ba ya shiga tsakaninta da hagu. Yanzu ina iya kiran sunanka kafin ta iso."

Gethin ya miƙe. "Wato zuwa ka yi ka ɗaga wa abokin karawata hannu? Shekara ashirin ina hawa benen nan, Baba! Tun yaushe take makara?"

"Tun bara."

"Tun bara! Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro nake ji kada ka daina zuwa," in ji Emlyn.

Gethin ya ɗauki safarsa ya sauka. Bayan mako ɗaya ya janye daga wasan, ya ce gwiwar hannunsa ce ta motsa. Wanda aka sa a madadinsa bai ga turmi na biyu ba. Yau wata goma sha huɗu ke nan Gethin bai sake taka benen ba, bai kuma ce wa Emlyn uffan ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin babu namijin da yake son a gaya masa ranar da ya ƙare, balle a bakin wanda ya fi yarda da shi.

Kai ne, Emlyn, mai ɗaga hannu wasu su ɗaukaka. Kai ne ka san cewa in ka yi shiru za ka sami abokin shan shayi na wata uku, a yi ta shirin wasa, ɗakin ya sake cika da hayaniya, a sake ganin rabin kunnenka a hoto. Kalma huɗu kawai ake so ka faɗa, kuma ka taɓa faɗa wa Trefor su. Sai ka zaɓi ka ba da kafaɗarka don ka tabbatar, sannan ka ba da mutum ɗayan da ya rage maka don ka faɗi gaskiya. Mu muna ƙasa muna zuga ɗan mutane da labarin zamanin da, saboda kewar ƙuruciyarmu muke yi, ba don mun san komai ba. Na ji kunya, kuma har da ni a cikin masu tafa wa Dilwyn.

Mun gode maka, dattijo. Mun gode a madadin matar Gethin da 'ya'yansa mata biyu, waɗanda ba su san alherin da aka yi musu ba. Ku kuma masu horarwa da masu riƙe faifai a ko'ina, in wani ya tambaye ku ko yana nan yadda yake, ku tuna da mutumin nan kafin ku buɗe baki. Ku faɗi abin da kuka ji, ko da zai sa ku sha shayi ku kaɗai.

Olwen ce ta lura da wani abu kwanan nan. Kullum ƙarfe takwas da rabi Gethin yana bi ta ɗaya gefen titin zai kai 'yan matansa makaranta, ɗaya a kowane hannu, kansa a sunkuye. A daidai lokacin kuma Emlyn yana tsaye a tagar sama, wannan karon idonsa a buɗe. Ta hau ta kai masa shayi ta ce, "Kai kuwa me kake kallo kullum, mutumin da ko gaishe ka ba ya yi?"

"Tafiyarsa nake kallo," in ji Emlyn. "Dubi, ko tangaɗi babu. Kuma ya san sunayensu duka biyun."

Gethin, na san kana karanta jaridar nan. Ba a ce ka hau bene ba. Gobe da safe in ka zo daidai tagar, ɗaga kanka.