Ranar Da Baba Ya Je Neman A Cire Masa Haraji

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ni na ɗora wa kaina binciko masa yadda fanshonsa zai kasance. A lokacin ban daɗe da fara aiki ba, ina ji da kaina, komai aka tambaya a gida sai na ce a bar mini.

Na yi tambaye-tambaye, aka tabbatar mini cewa ba a cire haraji a kuɗin fansho. Na taho gida Unguwar Sarki da murnata, har ina tsara irin albarkar da za a sa mini. Na same shi a tsakar gida yana sauraron rediyo.

"Baba, albishirinka. Daga yanzu kai da haraji har abada."

Ya rage muryar rediyon ya dube ni. "Laifin me na yi?"

Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Ni kaɗai na yi ta.

Sai ka san Baba za ka gane. Mutum ne mai son gyara gwamnati da baki. Kullum bayan la'asar yana majalisarsu ta ƙofar gida, in ya ga rami a titi ko famfo ya ƙafe, sai ya ce da harajinsa aka yi, don haka dole ya yi magana. To a majalisar akwai amininsa, wani Alhaji mai sayar da yadi, wanda ba ya barin ta-kwana. Tsautsayi ya sa na ba da labarin a gabansa. Washegari Baba ya buɗe baki zai yi ƙorafin kwata, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"A'a, Malam, dakata. Wannan magana ta masu biya ce. Kai yanzu ɗan kallo ne."

Majalisa ta kwashe da dariya. Baba ya murmusa, amma daga ranar ya daina fita. Abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Kai ka kawo albishir, kai za ka san yadda za ka yi da shi."

Da safe Baba ya sa babbar riga ya ce in kai shi ofishin haraji. A hanya ina ta roƙonsa mu koma, kada a yi mana dariya. Ko kallona bai yi ba.

Wata ma'aikaciya muka samu, ba za ta girme ni ba. Baba ya zauna ya ce ya zo ne a gyara kuskure, an manta ba a cire masa haraji. Ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Baba, ba mantuwa ba ce," in ji ta. "Doka ce ta ɗauke wa fansho haraji. Sai dai in kuna da wata sana'a ko gidan haya."

"Ba ni da ko ɗaya. Wato an cire ni daga lissafi ke nan?"

Ta ajiye biron hannunta. "Wa zai cire ku? Tun ba a haife ni ba kuke biya. Makarantar da na yi, da kuɗinku a ciki. Yanzu layi ya zo kanmu, ni da wannan ɗan naku. Ku naku ku sa ido, in mun yi ba daidai ba ku faɗa."

Baba ya miƙe tsaye. Sai ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Albarkar da na yi ta jira, a gabana wata ta karɓe.

A hanyar dawowa, a unguwar Kawo, ya sa na tsaya ya sayi tsire, ya ce na majalisa ne. Da la'asar na jiyo muryarsa daga cikin gida, yana gaya wa Alhaji cewa hukuma da kanta ta naɗa shi mai sa ido.

Na daɗe kafin na fahimci abin. Ni kuɗin da za su rage masa na gani, shi kuwa tsoro yake kada a daina tambayarsa komai. Mutumin da ya saba a jira sa hannunsa, rana ɗaya aka ce ya je ya huta. Tun daga nan ba na yanke shawara ban bi ta wajensa ba, ko da na riga na san amsar.

Kwanan baya ma na tambaye shi wane batir zan saya wa mota. Ya gyara zama ya yi mini dogon bayani, na sayi wanda ya zaɓa. Batirin ya mutu tuni. Kullum da safe yaran unguwa ke tura ni, kuma na gargaɗe su kada wanda ya gaya wa Baba.