Hannun Da Bai Kai Kunne Ba

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Na daɗe ina bin labaran mutane a nan, ina dariya har a wurin da ba a ajiye abin dariya ba. Yau layi ya zo kaina.

A shekarun da abin ya faru ni direban torotoro ne, motar hayar nan tamu ta Accra, ina jigila tsakanin unguwar Nima da tashar Circle. Duk wanda ya san tashar a lokacin ya san ni, ba don iya tuƙi ba, don baki. Motata ta fi gidan burodi hayaƙi, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, amma fasinja sukan bar sabuwar mota su jira tawa don su sha labari. Akwai tsohuwar da na sa dariya har ta wuce unguwarsu, ta bi ni muka je muka dawo, ta sake wucewa. Ina zaune a gidan haya a Nima, ni da matata da mahaifiyata da 'ya'yanmu tagwaye, mace da namiji. A ɗaki aka haife su, a hannun mahaifiyata, ba wanda ya yi tunanin wata takardar haihuwa. Macen ta fito zanƙaleliya kamar uwarta. Namijin kuwa ya ɗauko ni sak: gajeren hannu, gajeriyar ƙafa, ga kai kamar ƙwaryar fura. Ni na laƙa musu Doguwa da Guntu, unguwa ta karɓa. Mahaifiyata tana da doka ɗaya a kansu, ba a raba tagwaye a komai. Ko ƙosai ka miƙa musu sai ta karɓa ta gwada girmansa. Takan ce ran tagwaye ɗaya ne aka zuba a jiki biyu, wanda ya ɓata wa ɗaya ya ɓata wa gidan duka.

A nan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, idan an ce makaranta ta allo ake nufi, ta boko sukuu muke ce mata. Shekarar da suka isa shiga sukuu, tun hutu bai ƙare ba gidanmu ya rikice. Na je kasuwar Zongo Lane na yanko yadi, tela ya ɗinka wa Guntu kaki, ya ɗinka wa Doguwa riga. Wandon Guntu ya sauko har ƙauri, na ce a bar shi haka, zai kai shi har ranar aurensa. Kafinta ya yi musu 'yan kujeru biyu iri ɗaya, don a lokacin kowane yaro da kujerarsa yake zuwa a ka. Guntu ya fi kowa ɗoki. Kullum sai ya sa kakinsa ya ɗora kujera a ka ya zagaya tsakar gida yana gaida masu haya da Turancin da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, har ta fara kiransa Tica.

Ranar ɗaukar sababbin yara na ajiye mota na kai su da kaina. Layin iyaye, wallahi ka ce daga bakin sukuu ya kai unguwar Maamobi ya juyo. A gaba ga shugabar sukuu ɗin a bayan tebur, wata Madam mai tabarau da bulala a gefe. Wanda bai yi wannan zamanin ba bari in gaya masa yadda ake yi. Tunda yawancinmu ba mu da takarda, ba a tambayar shekaru. Yaro zai ɗaga hannun dama, ya ɗora ta tsakiyar kansa, ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa karatu. In bai kamo ba, sai baɗi. Doguwa ta ɗaga hannu ta cafke kunnenta har da ragowar yatsa, kamar za ta cire shi ta ba Madam tsaraba. Aka nuna mata aji. Guntu ya matso yana murmushi, ya ɗora hannu, yatsunsa suka tsaya a sama da kunnen. Tazarar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya yi ɗage, ya karkata kai, ya cije leɓe, kunne ya ƙi zuwa.

Sai na saki baki kamar yadda na saba. Na ce wa Madam laifin ba na hannun ba ne, na kan ne, hanya ce ta yi nisa, ko ni uban in aka gwada ni yau gida za a kora ni. Layi ya fashe da dariya, Madam ko gezau. Na rantse mata rana ɗaya aka haife su, ciki ɗaya, tabarma ɗaya. Ta dube su ta saman tabarau, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa wai kowane uba a Nima haka yake rantsuwa, jiya ma wani ya kawo mata yaro yana warin nono ya ce shi da yayansa tagwaye ne. Na roƙa, na kira ta uwata, na kira ta hajiya alhali ba musulma ba ce. Daga ƙarshe ta ce kafin wata ya ƙare za ta rufe ɗauka, in dawo da shi a sake gwadawa. Muka juyo gida, ni da Guntu, kujerarsa a kansa. Bai yi kuka ba. Tambayata kawai yake yi yaushe za mu koma.

Gida ya kama da wuta. Mahaifiyata ta ce a je a fito da Doguwa yanzun nan, su shiga tare baɗi, ba a taɓa raba su ba sai a hannuna. Matata ta ce sam, gurbin da aka samu da ƙyar ba za a zubar ba, wa ya san ko baɗi za a samu biyu, a bar yaron ya girma a hankali. Ni ina tsakiya, wannan ta haife ni, wannan ta haifa mini. A majalisarmu ta bakin titi kuwa abokai suka samu abin yi. Da na doso sai kowa ya ɗora hannu a ka ya kama kunne, su ce sannu da zuwa uban mai gajeren hannu, wai a gidana mace ce ta ci gado. Maimakon in ji ciwo sai na shige gaba. Nakan kira Guntu in ce ya gwada a gabansu, shi kuma ya dage iyakar ƙarfinsa, mu kuma mu yi ta tuntsira dariya. Shi a zatonsa taya shi muke yi.

Daga nan na ɗaura aniyar sai hannun nan ya kai. Na fara da kan: na kai shi wurin wanzami aka yi masa ƙwal, na ce ko gashi ɗaya kada a bari, kowane sili nisa yake ƙarawa. Bai kai ba. Kowa a Zango ya zama likita. Wani ya ce a riƙa shafa man kaɗe ana murza hannun da safe, wani ya ce kunnen za a riƙa ja sama, wani ya ce a ba shi romon ƙafar saniya. Duk na yi. Kafin in fita aiki sai in ɗaga shi ya kama ƙarfen cikin mota ya yi ta lilo har tafinsa ya yi ja. Mahaifiyata ta ce mini yaro ba danƙo ba ne, na ce mata ai ni ma da an ja ni da yanzu ni soja ne. Shi kuwa kullum safiya sai ya sa kakinsa ya raka Doguwa har ƙofar sukuu, ya tsaya jikin wayar shinge yana leƙe har a buga ƙararrawa, sannan kakarsa ta janyo shi. In ka shigo gida da rana za ka same shi a lungu shi kaɗai, hannu a ka, yana ta miƙa yatsu. Saman kunnen har ya saɓule.

Ana gobe za a rufe ɗauka, da safe, matata ta tafi famfo, mahaifiyata tana ƙofar gida wurin kokon da take sayarwa. Na zaunar da shi tsakanin gwiwoyina, na ɗora hannunsa a kansa, na kama wuyan hannun na ja ƙasa. Na ce ya daure, namiji ne. Ya daure. Na ƙara ja. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Yatsunsa suka sauka a kan kunnen. Gumi ya keto masa, amma bai yi ihu ba. Ya ɗago ido ya kira ni Baaba, ya tambaye ni ko yanzu ya kai.

Da na saki hannun sai ya faɗo ya yi reto kamar ba nasa ba. Matata ta shigo ta gani, bokitin ya suɓuce daga kanta. Mahaifiyata ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Zaninta kawai ta gyara ta goya shi, ta ce in wuce gaba. Muka je wurin wani maɗori a Maamobi. Ya taɓa ya ce gwiwar hannu ce ta goce, da tsagewa a ƙashi, ya tambaya daga wace bishiya ya faɗo. Ya ce in riƙe yaron da kyau zai ja. Ni na ja na ɓata, ga shi an ce in riƙe a sake ja. A nan ne Guntu ya yi ihun da ya haɗiye da safe, yana kiran kakarsa, yana ture ƙirjina da ɗaya hannun. Aka jera karare aka ɗaure. A hanyar dawowa yana sheshsheƙa yana tambaya ko Madam za ta yarda a gwada da ɗaurin.

Kwanaki suka wuce hannun sai kumbura yake, yatsu suka yi suntum suka canja launi. Zazzaɓi ya rufe shi. Muka kwasa sai asibiti. Likita ya kwance ɗaurin ya yi ta faɗa da Turanci, ban fahimci rabi ba, amma rabin da na fahimta ya ishe ni: ya ce a yi addu'a kada a kai ga yanke hannun. Na ajiye mota, kullum ina bakin ɗakin yara a kan benci. Ba abin da zan iya. Ba zan iya rage kumburin ba, ba zan iya karɓar ciwon ba, ba zan iya mayar da safiyar nan baya ba. Na gwada yi masa barkwanci sau ɗaya, na ce ai yanzu hannunsa ya fi na ɗan dambe, ya juya fuska bango. A gida Doguwa ta daina cin abinci, ta riƙe nata hannun tana cewa yana mata ciwo, ta ƙi zuwa sukuu sai an ja ta tana kuka. Mahaifiyata takan dube ni kawai ta kawar da kai. Abokan majalisa suka zo dubiya, ba wanda ya kama kunne.

Allah Ya taimaka ba a yanke ba. Kumburi ya sauka, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya warke a ɗan lanƙwashe, bai ƙara miƙewa sosai ba. Ya ƙarasa shekarar a gida. Doguwa in ta dawo sai ta zaunar da shi a kan kujerarsa ta ɗauki gawayi ta rubuta masa abin da aka koya musu a jikin bango, har da kwaikwayon muryar Madam.

Da shekara ta zagayo muka koma layin. Kakin nan dai ne, wandon ya ɗan hau. Da aka zo kansa sai ya ɗaga hannun hagu. Madam ta ɗauki bulala ta ce wane mara tarbiyya ne yake ba ta hagu, matata ta matsa ta yi mata magana a hankali. Ta ajiye bulalar. Ya ɗora hannun hagun, wanda ba wanda ya taɓa ja, ba wanda ya shafa wa man kaɗe, ya kamo kunnen dama cikin sauƙi har da ragowa. Shi kaɗai ya girma, yana kwance yana tashi. Aka nuna masa aji, ya ɗauki kujerarsa ya shige, bai waiwayo ni ba.

Har suka gama sukuu Doguwa tana gaba da shi da aji ɗaya, yara suna ce masa ƙanenta. Yanzu duk sun zama manya, shi ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, in zan yi masa magana sai na ɗaga kai kamar mai duban wata. Yana girmama ni, ba ya ɗaga mini murya, bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban daina barkwanci ba, da shi aka halicce ni, amma tun daga ranar ban ƙara kiran wani yaro da sunan tsokana ba.

Abin da na koya shi ne yaro ba ya rarrabe wasan ubansa da hukuncin ubansa. Abin da ka yi dariya a kansa, shi zai ɗauka aibi ne a jikinsa, kuma zai yarda ka karya shi don ya faranta maka. Iyaye, ga lokacin komawa sukuu ya zo. Yau ba a kama kunne, amma har yanzu ina ganin masu jan 'ya'yansu don su kamo 'ya'yan maƙwabta, wannan a karatu, wancan a hadda. In an ce ɗanka bai kai ba, ka riƙe hannunsa ku koma gida, ka saya masa ƙosai a hanya. Zai kai. Ni ban jira ba, ga shi har yau ranar Sallah, idan muka sauko daga idi na miƙa masa hannu, sai ya ɗan tsaya, ya tallafo gwiwar daman da hagunsa, sannan ya ba ni.